Sulken da nake saƙawa domin Hastings

14 ga Janairu, 2024

Jiya zobban suka iso. Leda biyu ne masu nauyi, ɗaya ta rufaffun zobba da aka huda daga farantin ƙarfe, ɗaya ta buɗaɗɗu masu ɗan rami a kowane baki, sai wata 'yar ƙaramar leda ta ƙusoshi, kowace ba ta fi ƙwayar gero ba. Na shimfiɗa tsohon tawul a kan teburin cin abinci na juye su. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, duk wannan a jikinka zai hau?" Na ce mata in Allah ya yarda, kafin Oktoba.

Niyyar da na ɗaura ita ce in saƙa sulke da hannuna, in shiga sahun masu kwaikwayon yaƙin Hastings, wanda hukumar English Heritage ke shiryawa duk shekara a garin Battle da ke kudancin Ingila, a kan ƙasar da aka gwabza ranar 14 ga Oktoba, 1066.

Abin ya samo asali ne a Agustan bara. Na kai yara kallon wasan kwaikwayon yaƙi a Bosworth, kusa da Lesta inda muke zaune, wurin da aka kashe Sarki Richard na Uku a 1485, wanda aka tono ƙasusuwansa a 2012 a ƙarƙashin wani filin ajiye motoci. Bayan an tashi daga wasan, wani mutum mai furfura ya cire kwalkwalinsa kusa da mu, gumi na zuba. Warin mai da ƙarfe da ya fito daga jikinsa ya mayar da ni ɗakin kakana a Katsina, inda ake ajiye sulke a cikin adaka, ba a fito da shi sai za a yi hawan sallah, mu yara kuwa ko taɓawa ba a bari mu yi. Na roƙi mutumin ya bar ni in ɗaga gefen rigar. Tun daga ranar nake tambayar kaina: me ke sa magidanci mai aiki da iyali ya zuba kuɗinsa da hutunsa a yaƙin da aka gama shekaru ɗaruruwa da suka wuce, wanda kowa ya san yadda ya ƙare? Na ga ba zan samu amsa ina tsaye a bayan igiyar 'yan kallo ba.

28 ga Janairu

Saƙar ba ta da wuyar ganewa. Kowane zobe yana riƙe da huɗu. Layi ɗaya na rufaffu, layi ɗaya na buɗaɗɗu. Ka zura buɗaɗɗen cikin huɗu, ka haɗa bakinsa har ramukan su dace, ka sa ƙusa, ka matse da awartaki. Wuyar tana wurin yawa. Bisa lissafina, rigar da za ta kai gwiwa da hannu zuwa gwiwar hannu za ta ci zobba kusan 22,000, rabinsu sai an sa musu ƙusa. Zuwa daren yau na matse 640. Babban yatsana na dama ya yi bororo ya fashe.

18 ga Fabrairu

Yau na je atisaye karo na uku da ƙungiyar da ta karɓe ni. Muna haɗuwa a wani filin ciyawa bayan gari, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Sabon shiga ba a ba shi takobi. Mashi ake fara ba shi, mai dasasshen baki, kuma ba zai taka fagen da jama'a ke kallo ba sai ya ci jarrabawar kiyaye lafiya. A ƙa'idarmu ba a kai duka ka, ba a kai wa wuya ko gwiwa, kuma dole ka iya tsayar da makaminka kafin ya sauka da ƙarfi. Mai koya mana ya ce wanda bai iya janye hannunsa ba bai iya komai ba tukuna.

Sai aka jera mu a abin da suke kira katangar garkuwa. Mutum goma sha biyu kafaɗa da kafaɗa, gefen garkuwar kowa ya hau kan ta maƙwabcinsa. Wasu shida suka ja baya suka sheƙo a guje suka bangaje mu. Na ji karon har cikin haƙorana, amma sahun bai tsage ba. Aka ce wani daga tsakiya ya ja da baya taki ɗaya kawai, aka sake. Nan take muka watse kamar an zare tsintsiya daga ɗaurinta.

Na karanta labarin Hastings ba sau ɗaya ba. Na san mutanen Sarki Harold na Ingila a ƙasa suka yi yaƙi, a kan tudu, kuma tun wajen ƙarfe tara na safe har rana ta kusa faɗuwa baraden William na Normandi suna hawowa suna komawa. Na san an ce abin da ya karya su shi ne wasu sun bar sahu sun bi Normawa da suka juya da baya, aka kewaye su a gangare aka gama da su. A takarda nakan ce, kai, waɗannan ba su da haƙuri. Yau da na tsaya minti ashirin kacal hannuna na rawa a ƙarƙashin garkuwa, na ga waɗanda ke dukanmu sun juya, ƙafata da kanta ta so ta bi su. Ban ƙara ganin laifin mutanen nan ba.

Ƙusoshi: 1,900.

9 ga Maris

Na yi ɓarna. Saƙar sulke tana da gaba da gefe: ta wani ɓangaren tana buɗewa tana tsukewa, ta ɗayan ba ta motsi. Ɓangaren da ke buɗewa shi ya kamata ya zagaye ƙirji domin mutum ya iya numfashi. Ni kuwa na haɗa wani ƙyalle na baya a karkace. Sai da na yanke zobba wajen 400, aikin fiye da mako guda. Ban da haka, wata leda da na ƙaro daga wani mai sayarwa rabin ramukanta ba su dace ba.

Don in huce, muka shiga jirgin ƙasa zuwa Reading. A gidan tarihinsu akwai kwafin dogon ƙyallen nan na Bayeux, mai hotunan labarin yaƙin Hastings, wanda mata 35 na garin Leek suka ɗinka tsakanin 1885 da 1886. Na asalin na garin Bayeux ne da ke Faransa, tsawonsa ya kusa mita 70, zaren ulu ne a kan lilin, kuma shi ne babban abin da masu irin aikinmu ke dubawa wajen sanin suturar lokacin. Na daɗe a gaban wurin da aka nuna mutane biyu-biyu suna ɗauke da sulke a rataye jikin sanda za su kai jirgin ruwa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana can ƙasan ƙyallen, wajen ƙarshe: gawarwaki a kwance, ana tuɓe musu sulke ta ka tun ba a tashi daga yaƙin ba. Da a ce bara na gani, da na wuce. Yanzu da na san abin da zobe dubu ɗaya ke ci na lokaci, ga shi ni waya ma ban ja ba, ban huda ba, na gane rigar nan dukiya ce da ba a barin ta a jikin matacce.

10 ga Afrilu

Yau sallah. Azumin nan bayan tarawihi nake zama in matse hamsin ko sittin kafin barci. An kai 4,100, gaba da baya sun haɗu.

Na kira Kawu a Katsina domin gaisuwar sallah, na juya masa kyamara ya ga aikin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ashe abin Baba bai bar ka ba." Muka yi kusan awa guda. Ya ce sulke shi kaɗai yankan takobi yake tarewa, ba ya hana ƙashi karyewa, shi ya sa ake sa riguna masu kauri a ciki. Ya ba ni labarin lifidi, yadda ake cusa masa audugar rimi a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa, da yadda 'yan baka ke neman sa da kibiya mai wuta. Na gaya masa a Tarihin Kano an ce Sarki Kanajeji ne, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ya ce to ka ga ba yau muka fara ba.

Sai ya yi mini tambayar da ban shirya mata ba: "To su Turawan nan, wa suke yi wa hawan?"

Tambayar tana da nauyi, domin a nan bambancin yake. Hawan sallah a wurinmu ba kwaikwayo ba ne. Sarki yana nan da ransa, hakimai na nan, kuma idan mahaya suka sako dawakai suka ja linzami a gabansa suka ɗaga hannu, jinjina ce ta gaske ga mai sarauta na gaske. Kayan yaƙi ne suka zama kayan ado, amma zaren bai tsinke ba. Su kuwa abokaina na nan, zarensu ya tsinke tun da daɗewa. Ba wanda ya gaji sulken kakansa na 1066. Daga ƙyallen Bayeux, da abin da aka tono a ƙasa, da tsofaffin rubuce-rubuce suke harhaɗo abin da ya ɓace. Na ce wa Kawu ina jin matattu suke yi wa hawan. Ya ce Allah ya ba da sa'a, amma in kula da sallata.

19 ga Mayu

Mun kwana biyu a sansani, tantunan lilin da na ulu, ba fitilar lantarki, ba waya a fili. Akwai mai duba kaya, wanda ya sa na cire agogo ya kuma ce in sake ɗinka bakin rigata da hannu domin ɗinkin keke ya fito. Da na ce zan yi sallah, wani ya matsar da garkuwoyi ya share mini wuri a bayan tanti ba tare da na roƙa ba. Da dare suna shan abinsu, ni ina shan shayi, sai na yi ta tambayar su ɗaya bayan ɗaya abin da ya kawo su.

Wani saurayi ya ce wasannin kwamfuta ne suka jawo shi, ya zo neman sara da suka, ga shi yanzu ya fi son sassaƙa cokulan itace. Wani dattijo da ya yi ritaya daga raba wasiƙu ya ce matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi, a nan ne kawai idan bai zo ba ake kiran sa a ji ko lafiya. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tona ba.

Wata malamar makaranta, wadda ba ta shiga fage sam, ita ta fi daɗewa tana yi mini bayani. Tana zaune gaban tukunya tana rina zare da wani ganye wanda a zamanin da Turawa ke samun shuɗi daga gare shi, hannunta ya yi shuɗi har wuyan hannu, kamar na masu rini a marinar Ƙofar Mata. Sinadarin ma ɗaya ne da na ganyen baba da muke rini da shi. Zaren ya fito kore-kore daga tukunya, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a idona. Ta ce a littafin makaranta sunaye uku ko huɗu yara ke haddacewa, Harold, William, Edward da ya mutu ba magaji a Janairun shekarar. Amma kowane mutum da ya tsaya a tudun nan, wata ce ta kaɗa zaren rigarsa, ta saƙa, ta rina, kuma da yawansu manoma ne da aka kira daga gona. Ba wanda ya rubuta sunansu. Ta ce ita iyakar abin da za ta iya yi musu shi ne ta yi aikinsu daidai yadda suka yi shi, a gaban yaran da ba su taɓa tunanin daga ina riga ke fitowa ba.

Wanda maganarsa ta fi shiga ta shi ne wani tsohon soja, ba ya yawan magana. Ya ce kada in bari kowa ya ruɗe ni cewa wannan yana kama da yaƙi. Nauyin kaya gaskiya ne, gajiya gaskiya ce, ƙura da ƙishi gaskiya ne, amma tsoro babu, kuma tsoron shi ne yaƙin. Abin da ya dawo nema shi ne tsayuwa a sahu, inda garkuwarka ke kare na hagunka, ta na damanka kuma ke kare ka. Ya ce tun da ya ajiye kaki bai sake samun wannan ba sai a nan, kuma a nan da yamma kowa na tashi ya kakkaɓe jikinsa.

Da na dawo na bincika, na ga ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiyar Sealed Knot, wadda ke kwaikwayon yaƙin basasar Ingila, wani tsohon soja ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, Birgediya Peter Young, ya kafa ta a 1968. A Amurka kuma, a 1913, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na ɓangarori biyu na yaƙin basasar ƙasar suka taru a Gettysburg shekara 50 bayan yaƙin da aka gwabza a wurin. Waɗanda suka rage daga masu farmakin ranar ƙarshe suka sake takawa zuwa katangar dutsen da aka kashe 'yan'uwansu, suka tarar da abokan gabarsu na da, aka miƙa hannu aka gaisa.

Ƙusoshi: 6,000.

30 ga Yuni

Na ci jarrabawar mashi makon jiya, yau kuma na fara fita gaban jama'a, a wani ƙaramin biki na ƙauye. Sulken bai da hannaye tukuna, amma ya sauka har cinya. Duk nauyin a kafaɗa yake zama sai ka ɗaure ɗamara ka ɗan saki rigar a kanta, sai ƙugu ya karɓi rabi. Cire shi kuwa sai ka sunkuya kamar mai ruku'u ka girgiza ya zubo ta ka. Takalmin fata marar dunduniya yana santsi a ciyawa, na faɗi sau biyu kafin mashin wani ya taɓa haƙarƙarina na kwanta.

Kwanciyar nan ban zaci za ta taɓa ni ba. Fuskata a ƙasa, ƙafafu na wucewa ta kaina, ina jin ihu amma ban san wa ke cin nasara ba. Minti bakwai ko takwas. Na tuna wanda ya kwanta haka da gaske, da rauni a ciki, yana jin yaƙin na nisa da shi.

Bayan an tashi, wani ɗan kallo ya zo ya tambaye ni, cikin ladabi, ko akwai baƙar fata a rundunar Harold. Na ce masa ni ba ina da'awar kakana ya tsaya a can ba ne. Haka shi ma mai raba wasiƙun, haka saurayin da iyayensa suka zo daga Folan. Kowa a filin nan aron riga ya yi. Mutumin ya gamsu, har ya sa ɗansa ya ɗaga garkuwata.

Amma ba zan ɓoye ba, akwai masu shiga irin wannan harka da wata manufa. Akwai waɗanda ke ɗaukar tambarin mutanen da su mayar da shi tutar ƙin baƙi. A Amurka ana ta jayayya a kan tutar 'yan Kudu, waɗanda suka yi yaƙi domin bauta ta ɗore, haka ma ana yi a kan masu sa kakin sojan Hitila. A ganina duk wanda ya sa rigar wani ɓangare, wajibi ne ya iya faɗa wa yaro gaskiyar abin da ɓangaren ya aikata. A ƙungiyarmu an taɓa sallamar wani saboda irin wannan, tun kafin in zo, kuma da aka ba ni labari hankalina ya ƙara kwanciya da su.

Ƙusoshi: 8,200.

11 ga Agusta

Na je Battle ni kaɗai domin in ga wurin babu taro. Garin yana da tazarar kilomita 11 daga Hastings. William ya sa an gina majami'a a kan filin, kuma akwai dutse a ƙasa da ke nuna inda ake cewa Harold ya faɗi. Na sauka har gindin gangaren na hawo a hankali. Ba tsauni ba ne, amma na ƙiyasta hawansa da kilo goma sha wani abu a jiki, ana jifan ka daga sama.

Na zauna a ciyawa ina lissafin kwanaki. Ranar 25 ga Satumba Harold ya ci Harald Hardrada na Norwe a Stamford Bridge, kusa da York, aka kashe Hardrada har da Tostig, ƙanin Harold da ya bi abokan gaba. Ranar 28 William ya sauka a Pevensey. Harold ya juyo kudu, ya ratsa Landan, ya iso nan cikin ƙasa da mako uku. A 2016, da aka cika shekara 950, wasu masu irin harkarmu sun taka wannan hanya tun daga York, mil 300, a ƙafa da kan doki. Ɗaya daga cikin manyanmu ya ce duk wanda ya ga ƙafafun mutanen nan da suka iso ba zai sake cewa Harold ya yi sakaci ba tare da ya fara cewa ya gaji ba. A filin nan Harold da ƙannensa biyu, Gyrth da Leofwine, suka mutu rana ɗaya.

Wasu yara na ta gudu a gangaren da takubban roba. Na karanta abin da ya sawwaƙa a zuciyata na tashi.

Ƙusoshi: 9,600. Hannun dama ya haɗu. Hammata ce ta fi ba ni wuya, domin a nan saƙa biyu masu fuska daban suke karo.

28 ga Satumba

Hannaye biyu sun kammala. Na ɗora rigar a sikeli, kilo 11 da ɗan ɗori. Na zuba ta a bokiti da yashi na yi ta jujjuyawa har tsatsar da gumi ya jawo ta fita, na shafe ta da mai. Da na buɗe bokitin, warin ɗakin kakana ne sak. Na kira babban ɗana na ce ya taɓa, ya ɗaga, ya sa in yana so. Ya sa, ta sauka masa har idon sawu. Yanzu shi ke zura mini ƙusa ina matsewa, kuma idonsa ya fi nawa ganin ramin.

Sunana ya fito a jerin waɗanda ƙungiya za ta tafi da su, ɓangaren Harold, sahu na biyu, da mashi. Tsohon sojan ne zai tsaya a damana. Saura zobba wajen 300 na bakin wuya, da fatar da za a naɗe shi da ita don kada ya ci mini fata, da igiyar kwalkwali da ta tsinke a atisayen da ya wuce. Mai duba kaya zai ga komai ranar Lahadi mai zuwa. Kawu ya ce in tabbata an ɗauki hoto daga gaba, yana son ya ga yadda wuyan ya zauna.

Ƙusoshi: 10,700.